Yadda Za Ka Gane Kwamfireson AC na Mota Ya Fara Mutuwa, Kafin Ka Zuba Kuɗi a Gareji

Yau mun ɗan kauce daga maganar wayoyi da manhajoji, amma ba mu yi nisa ba, don wayar da ke hannunka tana cikin kayan aikin da za mu yi amfani da su.

Ga abin da ya jawo rubutun. Ina yi wa wani kamfanin roba da ke Sharada manhajar lissafin kaya, yayana kuma shi ke kai musu samfur wajen diloli da Corolla ɗinsa ƙirar 2006. Kullum yana tsakanin Sharada da Challawa da Bompai. A watan Afrilun bara AC ɗin motar ya fara wani hali: da safe sanyi ƙalau, amma da an yi tafiyar minti ashirin, ko aka tsaya a bayan tireloli a hanyar Panshekara, sai iska mai ɗumi ta fara fitowa. Ya je wajen wani mai gyara, aka ƙara gas. Bayan sati biyu aka sake ƙarawa. A zuwa na uku aka ce masa kwamfireso ya mutu, sai an sa wani, kuma kuɗin da aka yanka masa ya kusa albashina na wata.

Na ce, "Yaya, ka ba ni motar ranar Asabar in duba."

Ya yi dariya ya ce, "Kai da aikinka danna kwamfuta, yaushe ka zama bakanike?"

Ni ba bakanike ba ne. Amma duk wanda ya taɓa neman kuskure a cikin manhaja ya san ƙa'ida guda: ba ka goge komai ka sake daga farko don kawai shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Kana bin layi ne ɗaya bayan ɗaya har ka iske inda abin ya tsaya. Haka na bi motar, kuma a ƙarshe abin da ya gyara ta wata 'yar washa ce da ba ta kai faɗin kwabo ba. Zan faɗi yadda aka yi a ƙasa. Da farko mu fahimci na'urar.

Yadda AC na mota yake aiki

AC kwashe zafi yake yi daga cikin mota ya zubar a waje, gas ɗin da ke zagayawa a bututu kuma shi ne ɗan dakon da ke ɗaukar zafin. Yawancin motocin da ke titunan Kano suna amfani da gas mai suna R-134a, wanda yake tafasa a ma'aunin 26 ƙasa da sifili idan ba a matse shi ba. Sassa biyar ne ke wannan aiki:

1. Kwamfireso. Famfo ne da bel ɗin inji ke juyawa. Yana zuƙo gas ya matse shi, sai gas ɗin ya yi zafi sosai. Manyan masu ƙera shi su ne Denso da Sanden na Japan, da Valeo ta Faransa, da Hanon ta Koriya ta Kudu.

2. Kwandansa. Ita ce mai kama da lagireto, tana gabansa daidai inda iska ke shiga. Nan gas mai zafi yake hucewa ya koma ruwa.

3. Diraya. 'Yar tulu ce ko jaka da ke tsotse danshi da tace datti.

4. Bawul mai matse hanya. Yana sakin ruwan gas kaɗan-kaɗan ta ƙaramar kafa, sai matsinsa ya faɗi ƙasa lokaci guda.

5. Ibaforeta. Tana ɓoye a cikin dashbod. Ruwan gas yana tafasa a cikinta yana shanye zafin iskar da fanka ke hurawa, iskar ta fito da sanyi.

Daga nan gas ya koma kwamfireso, a sake zagaye. Akwai abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: man da ke sa kwamfireso ya yi santsi yana tafiya ne tare da gas ɗin. Idan gas ya yi ƙasa, mai ba ya dawowa yadda ya kamata, sai kwamfireso ya riƙa aiki a bushe. Wannan shi ne babban abin da ke kashe shi. Kuma gas ba ya ƙarewa kamar fetur. In ka ga ana ƙara maka duk wata biyu, to akwai inda yake yoyo.

Me ya sa motocin Sharada, Challawa da Bompai suka fi shan wahala?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Kwandansa tana huce gas ne da iskar waje, don haka idan iskar kanta mai zafi ce, matsi yana hawa, kwamfireso yana ƙara wahala.

Sai ƙura. Hanyoyin cikin unguwannin masana'antu manyan motoci ne ke bin su dare da rana, ga kuma ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙurar tana cika 'yan ramukan kwandansa. Ƙara da leda da ɓurɓushin roba da iska ke kwasowa su manne a gaban mota. Na taɓa ciro ledar fiya-wata guda uku daga tsakanin kwandansa da lagireton motar Yaya.

Sai tsayuwa. Direban da ke jiran a loda masa kaya a ƙofar kamfani yakan bar mota a silo da AC a kunne na awa guda. A tsaye babu iskar gudu, fanka kaɗai ke aiki. Idan fankar ta yi rauni, matsi yana hawa har na'urar kariya ta kashe kwamfireso.

Akwai kuma sabon dalili. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa sun daina kunna AC don tattalin mai, a hunturu kuma dama ba a kunnawa. AC ɗin da ya yi watanni a kashe, robar da ke riƙe da sandar kwamfireso takan bushe, gas ya fara sulalewa ta nan. Ranar da zafi ya matsa aka kunna, sai a tarar babu komai.

Alamomin da ya kamata ka lura da su

Sanyi yana raguwa a tsaye, yana dawowa a gudu. Wannan yakan nuna fanka ko kwandansa mai datti, amma kwamfireson da ya gaji ma yana yin haka, domin a silo ba ya iya matsa gas sosai.

Sanyi da safe, ɗumi da rana. Yawanci matsalar kuloci ce ko rile.

Ƙara. Idan ƙarar tana fitowa ne kawai lokacin da ka kunna AC, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani ko ana niƙa, galibi daga cikin kwamfireso take. Idan kuwa tana nan ko AC a kashe, kuma tana canzawa da ka kunna, ka fi zargin boris ɗin fulin da bel ke juyawa, wanda ana iya canza shi shi kaɗai.

Kukan bel da warin roba. Idan ka danna AC bel ya yi ƙara mai kaifi, inji ya nemi mutuwa, ko ka ji ƙauri, kashe AC nan take. Wataƙila kwamfireso ya ƙame. A motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya shi da altaneta, wasu har da famfon ruwa. In ya tsinke a hanyar Challawa da dare, matsalarka ta wuce ta sanyi.

Kamawa da saki da sauri. Kana jin "ƙas, ƙas" duk bayan 'yan daƙiƙu. Sau da yawa gas ne ya yi ƙasa.

Maiƙo. Danshin mai da ƙura ta manne masa a gaban kwamfireso, ko a mahaɗar bututu, ko a jikin kwandansa. Inda mai ya fito, gas ma ya fita.

Fitilar AC tana ƙiftawa. A Toyota da yawa akwai sensa da ke kwatanta gudun kwamfireso da na inji. In ba su daidaita ba, kwamfutar motar tana kashe shi ta sa fitilar ƙiftawa. Bel mai santsi ma yana jawo wannan.

Ka lura babu ko ɗaya daga cikin alamomin nan da ta isa hujja ita kaɗai. Sai an gwada.

Kafin ka buɗe bonet

Kada ka kusanci bel da babbar riga ko hannun riga mai lilo ko wayar caja a wuya. Fankar lagireto tana iya tashi da kanta ko da ka kashe mota. Kada ka kwance bututun AC ko ka danna bawul da ƙusa don "ganin ko akwai gas", ruwan gas yana ƙona fata kamar wuta, in ya shiga ido kuwa yana iya makantarwa.

Gwaji na ɗaya: ido, kunne da hannu

Mota a kashe, makulli a aljihunka. Haska fitilar waya ka nemo kwamfireso, shi ne wanda bututun alminiyom biyu ke shiga jikinsa. A gabansa akwai fuli, a tsakiyar fulin kuma akwai faranti. Kama farantin ka juya da hannu. Ya kamata ya juya da ɗan nauyi amma ba tare da cijewa ba. In ya ƙi motsi sam, ya ƙame. In yana juyawa fayau kamar babu komai a ciki, ko kana jin ƙarar yashi, wannan ma ba alheri ba ne.

Duba bel ko ya tsattsage ko ya yi sheƙi. Haska ta gaban mota ka duba kwandansa.

Yanzu tada mota, AC a kashe. Fuli zai riƙa juyawa, faranti yana tsaye. Sa wani ya danna AC. Ya kamata ka ji "ƙas", faranti ya fara juyawa tare da fuli, fankar gaba ma ta tashi. Ka ɗauki bidiyon wannan da waya daga nesa kaɗan. Yanayin ɗaukar hoto a hankali da wayoyi da yawa ke da shi zai nuna maka ko farantin yana zamewa. Bidiyon kuma hujja ce da za ka nuna wa mai gyara, domin mota tana da halin daina ciwo da an isa gareji.

Bayan minti biyar, taɓa bututun nan biyu a inda suke nesa da bel. Mai kauri ya kamata ya yi sanyi sosai. Siriri da ke zuwa kwandansa ya kamata ya yi zafi, don haka taɓa shi da sauri ka ɗauke hannu. Idan faranti yana juyawa amma bututun biyu kusan ɗuminsu ɗaya, to ko babu gas, ko kwamfireso ba ya matsawa. Kada ka damu in ba ka ga raɓa a jikin mai kaurin ba, ko ruwa bai ɗiga a ƙarƙashin mota ba. A rani iskar Kano a bushe take, sai damina ake ganin ɗigar sosai.

Gwaji na biyu: ma'aunin zafi

Hannu yana ruɗi. Nemi ƙaramin ma'aunin zafi na dijital, irin na kicin ma ya isa. Soka shi a kafar iska ta tsakiya. Rufe gilasai, danna maɓallin da ke juya iskar ciki, sa sanyi a ƙarshe, fanka a tsaka-tsaki, a riƙe totur wajen 1,500. Ka yi a inuwa. Bayan minti goma, AC mai lafiya yakan ba da tsakanin digiri 5 zuwa 10, a tsananin zafi yana iya ɗan haurawa. Idan kana ganin 20 ko fiye, akwai matsala.

Rubuta sakamakon a waya: lokaci, zafin waje, a silo ko a gudu. Ka yi haka kwana uku. Abin da muke yi ke nan idan manhaja tana faɗuwa jefi-jefi, muna tara bayanai har tsarin matsalar ya fito da kansa.

Wata dabara: idan sanyi ya ragu a tsaye, watsa ruwa a kan kwandansa ta gaban mota. In sanyi ya dawo nan da nan, matsalar ta hucewa ce, wato fanka ko datti ko gas da ya yi yawa. Kwamfireso yana aikinsa.

Gwaji na uku: waya da sikana

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket na OBD-II mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. A Turai an wajabta shi ga motocin fetur daga 2001. Tunda yawancin motocinmu daga can suke zuwa, da wuya taka ta rasa shi. Akwai 'yar na'ura da ake kira ELM327 da ake sokawa a nan, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Sai ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner.

Lambobin da suka shafi AC:

P0530, P0532, P0533: matsala a layin sensar matsin gas.
P0534: kwamfuta ta ga alamar gas ya zube.
P0645: matsala a layin rile na kuloci.
B1422 da B1423 a Toyota: sensar ƙamewar kwamfireso da sensar matsi.

Gaskiya guda: ELM327 mai araha sau da yawa kwamfutar inji kawai yake karantawa, lambobin da suka fara da B sai babbar sikana ta gareji. Rashin ganin lamba ba ya nufin lafiya lau. Amma ko mai arahar zai nuna maka abu biyu masu amfani. Na farko zafin ruwan inji, domin idan inji ya fara obahitin, kwamfuta tana kashe AC da gangan don ta cece shi. Na biyu ƙarfin wuta. Inji na aiki ya kamata ka ga wajen bolt 13.5 zuwa 14.5. Idan altaneta ba ta caji sosai, maganaɗisun kuloci ba zai ja da ƙarfi ba.

Gwaji na huɗu: idan kuloci ya ƙi kamawa

Nan ne aka fi yi wa kwamfireso ƙazafi. Bi wannan jeri:

Fiyus. Murfin akwatin fiyus yana da zane. Ciro na AC ka duba.

Rile. Nemi wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, misali na hon, ka musanya su. In AC ya tashi, ka gama.

Wuta a filogi. Da mita, duba ko bolt 12 yana isa filogin kwamfireso idan an danna AC. In ba ya zuwa, matsalar tana baya: sensar matsi, ƙarancin gas, waya, ko kwamfuta. In yana zuwa amma faranti bai kama ba, matsalar tana kuloci.

Kwayil. Mota a kashe, cire filogi ka auna juriyar kwayil. Yawanci tana tsakanin om 3 zuwa 5. In mita ta nuna layin a yanke yake, kwayil ya ƙone.

Tazara. Tsakanin faranti da fuli akwai 'yar tazara, a yawancin motoci kusan milimita 0.3 zuwa 0.7. Shekaru suna cinye ƙarfen, tazarar ta buɗe.

Wannan na ƙarshe shi ne ciwon motar Yaya. Na jira har sanyi ya ɗauke, na auna filogi, wuta tana zuwa. Kwayil lafiyarsa ƙalau. Tazara kuwa ta kai milimita ɗaya. Dalilin da ya sa take yi da safe ta ƙi da rana shi ne, wayar tagulla idan ta yi zafi juriyarta tana ƙaruwa, wutar da ke ratsa ta ta ragu, maganaɗisu ya yi rauni. Da safe yana iya jawo farantin daga nesa, da rana ba ya iyawa. Muka je wajen wani dattijo mai gyaran AC, na nuna masa bidiyo da lambobin. Ya ce, "Yaro, ka rage mini aiki." Ya kwance ƙusa ɗaya, ya zare faranti, ya cire washa guda daga bayansa, ya mayar. Da ya sa geji kuma ya tarar gas ɗin da aka yi ta ƙarawa ya yi yawa, sai da ya zuƙe shi ya sake zubawa da awo. Har yau kwamfireson nan ne a motar.

Gwaji na biyar: geji

Wannan aikin mai gyara ne, amma ka tsaya kusa ka karanta da idonka. Geji biyu ne, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na babban matsi.

Mota a kashe kuma inji ya huce, duka biyun za su nuna abu ɗaya, kuma adadin ya danganta da zafin gari. Ga R-134a, a digiri 30 wajen psi 97 ne, a 35 wajen 114, a 40 wajen 133. In ya yi ƙasa da haka sosai, gas ya kusa ƙarewa. In ya haura sosai, ka yi zargin an zuba wani gas daban ko iska ta shiga. Amma wannan awon ba ya nuna yawan gas, domin ko rabi ne ya rage zai iya ba da adadi ɗaya.

Mota na aiki da AC a kunne, a zafin Kano, shuɗi yakan zauna tsakanin 30 zuwa 55, ja tsakanin 200 zuwa 320, gwargwadon mota da zafin rana. Ga yadda ake fassarawa:

Duka biyu ƙasa: gas ya yi kaɗan, a nemo yoyo.
Duka biyu sama: gas ya yi yawa, ko fanka, ko kwandansa ta toshe.
Shuɗi ya faɗi kusa da sifili ko ƙasa da shi: hanya ta toshe, yawanci bawul ko diraya.
Shuɗi sama, ja ƙasa, sun matso kusa da juna alhali faranti yana juyawa kuma gas ya cika: wannan ita ce shaidar da ta fi ƙarfi cewa kwamfireso ba ya matsawa.

Motocin da ba sa yin "ƙas"

Motoci da yawa na baya-bayan nan, musamman Mercedes da Volkswagen da wasu Toyota, suna da kwamfireso mai canza ƙarfinsa da kansa. Wasunsu ba su da kuloci sam, tsakiyar fulin kullum tana juyawa. Wani ƙaramin bawul na lantarki a bayansa ne ke ƙara ko rage matsawa bisa umarnin kwamfuta. Idan wannan bawul ya maƙale, geji zai nuna daidai abin da mataccen kwamfireso ke nunawa. Alamarsa ita ce sanyi ya yi jinkirin zuwa, sai an yi tafiyar minti biyar ko goma. Ana canza bawul ɗin shi kaɗai, kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfireso ba. Ka tambaya a gwada shi tukuna.

Motoci masu haɗa fetur da batir irin Prius kuma kwamfiresonsu na lantarki ne mai ƙarfin wuta mai kisa. Wayoyinsa ruwan lemo ne, kada ka taɓa. Mansu ma daban ne, in aka zuba musu man PAG na sauran motoci yana lalata rufin wayoyin ciki.

Hattara da gas

Tsofaffin motoci sun yi amfani da R-12, aka daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama. R-134a ya maye gurbinsa a farkon shekarun 1990. Daga Janairun 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana sa R-134a a sababbin motoci, yawancin kamfanoni suka koma R-1234yf. Akwai takarda a manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas ɗin motarka da nauyinsa a giram. Ɗauki hotonta ka ajiye.

Kada ka yarda a zuba maka R-22 na AC ɗin gida. A digiri 35 matsinsa ya kai psi 180, ya fi ƙarfin abin da aka tsara wa mota. Jabun gas kuma ba wasa ba ne. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu, bincike ya gano jabun R-134a ne da aka gauraya da R-40, wanda ke cin alminiyom. Cikin kwamfireson motarka ma alminiyom ne. Araha ba ta ado.

Haka kuma kada ka bari a yi maka haɗin dairekt, wato a tsallake sensar matsi don kwamfireso ya riƙa aiki dole. Sensar nan ita ce ke kashe shi idan babu gas ko matsi ya yi yawa. Cire ta kamar cire fiyus ne a sa ƙusa.

Idan ya tabbata ya mutu

A juye man tsohon kwamfireson a farin kofi. Idan man garau yake, da sauƙi. Idan baƙi ne ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe, to ɓurɓushi ya bazu a duk layin, kuma duk kwamfireson da aka ɗaura a haka zai bi sahun na farko cikin 'yan makonni. A irin wannan hali dole a canza diraya da bawul, a wanke bututu da ibaforeta. Kwandansar motocin zamani ramukanta ƙanana ne ƙwarai, ba ta wankuwa, sai dai a canza.

In za ka sayi na Beljiyom a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ka tafi da hoton lambar da ke jikin naka. Zaɓi wanda aka toshe bakinsa, domin man PAG yana shan danshi, wanda aka bari a buɗe kuma ƙura ta riga ta shiga. Juya farantin da hannu, ka toshe kafar fita da yatsa ka ji ko yana turowa. Karkata shi ka ga launin mai. Ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka biya, a rubuta a rasit.

Wajen ɗaurawa, ka tabbata an yi abu huɗu: an zuba irin man da ya dace daidai awo, an sa sababbin robobin mahaɗa, an zuƙe iska da injin zuƙa na aƙalla minti talatin an kuma jira a ga ko allura za ta motsa, sannan an zuba gas da sikeli bisa giram ɗin da ke takardar bonet. Ƙananan motoci da yawa suna cin tsakanin giram 450 zuwa 600. Wanda ya ce yana gane cikar gas ta hanyar taɓa bututu, kintace yake yi da kuɗinka.

Tambayoyi huɗu kafin ka amince a canza

Nawa shuɗi da ja suka nuna? Wuta tana isa filogi? Ta ina gas ɗin farko ya fita? Me ya kashe wannan kwamfireson? Ka yi tambayar cikin ladabi. Mai gyaran da ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓacin rai ba, wani ma ya ji daɗi. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, don in ba a gano sanadi ba, sabon ma zai mutu.

Rigakafi

Kunna AC na minti goma duk sati, har a hunturu. Wanke kwandansa da ruwa mara ƙarfi duk wata, musamman in kana bin hanyoyin Sharada da Challawa, amma ka hana masu wankin mota matsa mata injin feshi kusa, yana lanƙwasa ramukan. Canza filtar iskar cikin mota bayan hunturu, a yawancin motoci tana bayan akwatin gaban fasinja. Idan mota ta sha rana, buɗe gilasai minti biyu kafin ka kunna AC. In kuma sanyi ya fara raguwa, kashe shi ka bincika, kada ka ci gaba da tilasta masa.

Yaya yanzu ba ya kirana mai danna kwamfuta. Sai dai duk abokinsa da AC ya samu matsala, ni ake turo wa, har na fara tunanin rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa yi wa mutum waɗannan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da Hausa. In Allah ya sa na gama ta, a nan za ku fara gani. Kafin nan, ka ajiye matakan nan a wayarka, ka tura wa duk wanda ka san an ce masa kwamfiresonsa ya mutu. Allah ya tsare mana ababen hawanmu, ya kai mu damina lafiya.